Wuƙar aljihu mai sifirin: abin da ake gyarawa da abin da ake ƙyalewa

Wuƙar aljihu ta gargajiya, wadda ake naɗe ruwanta cikin ƙota ba tare da makulli ba, ba ta da noti ko sukurun da za ka kwance ka sake ɗaurewa. Ƙusoshi aka zura, aka daddaka kawunansu, aka goge, shi ke nan. Saboda haka duk gyaran da za a yi mata ɗayan biyu ne: ko a rage ƙarfe da magagari, ko a matsa shi da guduma. Wanda aka rage ba ya dawowa, wanda aka matsa kuma da wuya ya koma yadda yake. Wuƙaƙe da yawa ba aiki ne ya kashe su ba, gyara ne.

Kafin ka ɗauki magagari sai ka san abin da ke cikin ƙotar. Ruwan wuƙa yana da gindi, wato ɓangaren da ba shi da kaifi, inda aka huda aka zura ƙusar gaɓa. A bayan ƙota akwai sifirin, siririyar sandar ƙarfe da aka kafe da ƙusa a tsakiya da wata a can ƙarshe, bakinta kuwa yana danne da gindin ruwan. Hagu da dama akwai shafi, fallen tagulla ko na ƙarfe da ya yi wa ramin ƙota bango. A kan shafin aka liƙa kafaɗa, wato ƙarfen nan mai sheƙi da ke bakin ƙota, galibi na farar tagulla wadda ake haɗawa da jan ƙarfe da nikel da zinki, babu azurfa a cikinta ko kaɗan. Bayan kafaɗa sai murfi, na ƙashi ko ƙaho ko katako ko roba. Akwai kuma wani ɗan tudu a gindin ruwa ta ɓangaren kaifi, dab da inda kaifin ya fara. Wannan ita ce dunduniya, kuma ita ke sauka kan sifirin in an rufe wuƙa, ta hana kaifi taɓa ƙasan rami.

Sifirin yana zama a kan fuska uku na gindin ruwa: ɗaya in wuƙa na buɗe, ɗaya in tana rufe, ɗaya kuma in an tsayar da ita a rabi, ga wadda aka yi wa gindi mai kusurwa. In nisan kowace fuska daga hudar ƙusa ya zo ɗaya, bayan sifirin zai kwanta daidai da shafi a duka wuraren uku, ka shafa da babban yatsa ka ji sumul. Masu ƙera wuƙa da hannu suna auna wannan da agogon awo, suna rage fuskokin kaɗan-kaɗan har allurar ta tsaya wuri guda. A kamfani ba a wannan wahalar: ana haɗa wuƙa, a goge bayanta gaba ɗaya a kan bel, don haka buɗe da rufe sukan zo daidai ko kusa, a rabi kuwa sifirin kan leƙo ko ya nutse. Wannan ba aibi ba ne a wuƙar kamfani. Amma ka riƙe lissafin fuskokin nan uku, domin dunduniya tana cikin fuskar rufe, duk wanda ya taɓa ta ya taɓa zaman sifirin.

In wuƙa ta zo hannunka, sabuwa ko ta gwanjo, duba ta a tsanake cikin haske. Buɗe ta, ka ɗaga bayan ƙota ka kara da fitilar waya, ka leƙa ta cikin rami ko haske na ratsawa tsakanin sifirin da shafi. Kama ruwan ta baya da yatsa biyu kusa da tsini ka motsa shi gefe da gefe, sannan sama da ƙasa. Rufe ta a hankali ka ga inda tsini ya kwanta, a tsakiyar rami ko ya jingina da bango. Bi ta kan ƙotar da yatsa daga ƙarshe ka ji ko tsini zai kama fatarka. Daga nan sai ka sake buɗewa, ka sake ta ta rufe da kanta sau ɗaya, ka buɗe ka juya kaifin a haske kana neman wani ɗan wuri mai ƙyalli. Ka saurari ƙararta kuma. Wuƙa mai lafiya tana tafiya ba tare da ƙaiƙayi ba, ta faɗa buɗe da ƙas, ta faɗa rufe da ƙas. Wadda sai ka raka ta da yatsa har ƙarshe, ko dai gaɓarta ta matse, ko datti ya cika ta, ko sifirin ya gaji.

Cikin abubuwan da za ka gani, huɗu ne kawai suka cancanci a ɗauki kayan aiki dominsu, a ganina: tsinin da ya leƙo waje, kaifin da ke bugun sifirin, girgiɗin da ake ji lokacin yanka, da ruwan da ke gogar shafi har yana barin zane. Siririn hasken da bai kai kaurin gashi ba tsakanin sifirin da shafi, ko tsinin da ya ɗan karkata hagu amma bai taɓa komai ba, waɗannan ido kawai suke damu. Masu tara wuƙaƙen Great Eastern Cutlery, kamfanin da aka kafa a Titusville ta jihar Pennsylvania a 2006, ko na Case da ke Bradford, sukan mayar da wuƙa wurin mai sayarwa kan irin wannan. Su kam suna da hujja, kuɗin kyau suka biya. Wanda ya sayi tasa don yanka igiya da ɓare rake, kuma kuɗin aika ta Amurka ya fi kuɗin wuƙar, gara ya sa ta aljihu ya manta.

Gyaran farko wanka ne, kuma sau da yawa shi ne na ƙarshe. Sabuwar wuƙa tana fitowa daga kamfani da ragowar baƙin man gogi a gaɓa, tsohuwa kuwa da ƙura da zaren aljihu da busasshen mai. Naɗe kaifin da tef don kada ka yanke, ka wanke gaɓar da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, kana buɗewa kana rufewa a cikin kumfa. Ka ɗauraye, ka kaɗe ruwan, ka busar sosai, musamman in ƙarfen mai kabon ne irin 1095, domin kafin awa guda tsatsa ta fara ja a ƙarƙashin sifirin. Sai ka ɗiga mai digo biyu a inda gindi ke gogar sifirin, ka yi ta buɗewa da rufewa, baƙin ruwa zai riƙa fitowa ta bayan ƙota, kana sharewa da tsumma har ya daina. Man keken ɗinki ya isa. In kana yanka abinci da wuƙar, nemi man farafin na kemis. Man gyaɗa da manja kada su kusanci gaɓa, suna yin danƙo, bayan 'yan makonni su kama ƙura su zama kamar ƙaro.

Bayan wanka ne za ka san ainihin ƙarfin sifirin. Masu wannan harka suna kwatanta shi da ma'auni na 1 zuwa 10, inda babban ruwan Victorinox, jar wuƙar aljihun nan ta Switzerland, yake a 5. Ba ma'aunin injin ba ne, na farce ne, amma yana da amfani. Daga 5 zuwa 7 shi ne daɗin aiki. Abin da ya kai 9 yana karya farce, kuma haɗari ne ga mai jiƙaƙƙen hannu. Ana yawan ba da shawarar a bar ruwan a buɗe kashi uku cikin huɗu, inda sifirin ya fi ɗagawa, na kwana da kwanaki wai don ya yi laushi. Sifirin da aka yi wa zafi daidai ba ya sauya hali don an bar shi a lanƙwashe, in kuwa ya sauya to ya fara lalacewa ne. Abin da ke rage tauri da gaske shi ne gogewar kusurwoyin gindi, wadda amfani ke kawowa da kansa. Ana iya hanzarta ta da ɗan man goge ƙarfe a gaɓa, a yi ta motsawa, sannan a wanke shi tas. Kuma in ruwa biyu suna kan sifirin ɗaya, ɗaya a kowane baki, kada ka taɓa tsayar da su duka a rabi lokaci guda. Sifirin yana lanƙwasa ta baki biyu, a nan ne yake karyewa a wajen ƙusar tsakiya.

Girgiɗin gefe da gefe shi ne aibin da aka fi samu kuma shi ya fi sauƙin gyara. Yana zuwa ne in an yi banƙara da wuƙa, aka tura shafi ya buɗe, kafaɗa ta zame kaɗan a kan ƙusa. Alamarsa, ban da motsin ruwan, ita ce da'irar ƙusa ta bayyana a kan kafaɗa inda da ba a ganinta, wani lokaci har ka ji ta lotsa da farce.

Ga yadda ake yi. Nemi fallen ƙarfe siriri, milimita 0.05 zuwa 0.08. Fila-gejin da makanikai ke saita bawul da shi yana da waɗannan. In babu, reza ta kusan milimita 0.1 ce, za ta yi, sai dai gaɓar za ta ɗan fi sakewa. Buɗe wuƙar, ka cusa fallen tsakanin gindin ruwa da shafi har ya kai kusa da ƙusa. Aikinsa shi ne ya tanadar wa ruwan wurin motsi, don in babu shi kana iya matse gaɓa ta kafe gam, kuma sassauta ta ya fi matse ta wuya nesa ba kusa ba. Naɗe kafaɗun biyu da fata ko kwali mai kauri, ka sa su cikin bais, kafaɗa kaɗai, kada murfi ya shiga ko kaɗan. Matsa rubu'in juyi, ka cire, ka zare fallen, ka gwada. In da saura ka maimaita. Da girgiɗin ya tafi za ka ga kan ƙusar ya ɗan leƙo sama da kafaɗa. A nan mutane da yawa ke tsayawa, bayan sati biyu girgiɗin ya dawo, domin ba abin da ya riƙe kafaɗar a sabon wurinta. Dole a faɗaɗa kan ƙusar. Mayar da fallen, ɗora ɗaya kan ƙusar bisa maƙera ko bayan bais, ka riƙa bugun ɗayan da ƙaramar guduma mai zagayayyen kai, ta wajen giram 100, bugu marar ƙarfi, kana zagaya bakin ƙusar maimakon tsakiyarta. Bugu goma, juya, bugu goma, gwada. Bugu mai ƙarfi a tsakiya yana kumbura ƙusar a can ciki, ta cika hudar ruwan, wuƙa ta daina ƙara.

Sauran aikin na ido ne. Rufe murfi da tef, ka naɗe samfefa mai lamba 400 a jikin ɗan katako mai faɗi ka goge kan ƙusa ya yi daidai da kafaɗa, sai 600, sai 1000, sai man gogi a tsumma. In ƙusa da kafaɗa ƙarfensu ɗaya ne, da'irar za ta ɓace. Kada ka goge da samfefa a yatsa kawai, yana barin kwari a kewayen ƙusar. Akwai wuƙaƙen da wannan hanya ba ta yi musu: tsofaffin wuƙaƙen kamfanin Schrade da yawa ba su da ƙusar da ta ratsa kafaɗa, a ciki aka saƙale ta, haka ma masu araha da aka yi wa kafaɗa da murfi da gwangwani guda aka naɗe. In ka matsa irin waɗannan sai dai ka lotsa su. Victorinox mai jan murfi kuwa sai an ɓamɓare murfin, bayan an jiƙa shi a ruwan zafi, kafin a ga kawunan ƙusoshin.

Girgiɗin sama da ƙasa wani abu ne dabam. Yana nufin bakin sifirin ko kafaɗar gindin da yake tokara sun cinye, ko hudar ƙusa ta faɗaɗa. Matsa kafaɗa ba ya taɓa shi, sai dai ya ɓoye shi na ɗan lokaci. Gyaransa sai an yanke ƙusa an warware wuƙar. In ba wuƙar gado ba ce, bai kai wahalar ba.

Tsinin da ya leƙo sama da shafi yana yanka aljihu da yatsa, don haka ba a barinsa. A sabuwar wuƙa laifin kamfani ne, an bar dunduniya da tsawo. A tsohuwa kuwa washi ne ya kawo shi: kowane washi yana cin kaifi, tsini yana ja baya yana hawa sama, har wata rana ya fito daga rami. Maganin da kowa ya sani shi ne a rage dunduniya, kuma a nan ne aka fi ɓarna, saboda ba a yin lissafi. Ɗauki misalin wuƙar da dunduniyarta ke milimita 12 daga ƙusa, tsininta kuma milimita 72. Duk abin da ka rage a dunduniya, tsini zai sauka kusan ninki shida. Tsinin da ya leƙo da rabin milimita yana buƙatar a rage abin da bai kai milimita 0.1 ba, kaurin takarda ɗaya. Wannan shafa biyu ko uku ce ta ƙaramin magagari mai laushi.

Kafin ka fara, leƙa cikin rami da fitila ka ga tazarar da ke tsakanin kaifi da tudun sifirin na wajen ƙusar tsakiya. In tazarar ba ta da yawa, kada ka taɓa dunduniya, za ka sayi wata matsalar ne. Ka duba gurbin farce ma: in yana dab da shafi, saukar da ruwan zai nutsar da shi, ka rasa abin kamawa. In duka biyun da sarari, to buɗe wuƙar, toshe gaɓa da ɗan tsumma don kada garin ƙarfe ya shiga, shafa wa dunduniya baƙar maka don ka ga inda kake ci, ka riƙe magagari a kwance daidai da fuskarta. Shafa biyu, share, rufe, duba. Ka sa ran sifirin zai ɗan nutse ƙasa da shafi in wuƙa na rufe, farashin wannan gyaran ke nan.

In babu sarari, akwai wata hanya da na fi so ga tsofaffin wuƙaƙe: a bar dunduniya, a rage bayan ruwan ta wajen tsini. Ana goga bayan a kan dutsen washi, santimita ɗaya ko biyu na ƙarshe, har sabon tsini ya sauko cikin rami. Siffar ruwan tana ɗan sauyawa, amma sifirin da gurbin farce suna nan yadda suke. A yi da hannu da ruwa. Injin gurinda yana ƙona siririn tsini cikin daƙiƙa biyu, ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi.

Kishiyar wannan ita ce kaifi ya riƙa bugun sifirin. Wurin nan mai ƙyalli da aka ce ka nema a kaifi, shi ne shaidarsa, galibi a tsakiyar ruwa ko wajen cikinsa, kuma in ka leƙa rami za ka ga siririn zane a kan tudun sifirin. Abin da ke rikita mutane shi ne, in wuƙar na rufe a zaune kaifin ba ya taɓa komai. Lokacin da ta faɗa da ƙarfi ne ruwan ke wuce wurin zamansa, ya ture sifirin, ya dungure ƙasa, ya dawo. Don tabbatarwa, yanka siririyar takarda ka shimfiɗa a ƙasan rami ka saki ruwan. In ta yanke, ka gani da idonka. Mafi sauƙin magani shi ne washi: sau biyu ko uku na washi sosai sukan janye kaifin ya daina kaiwa. Kafin nan ka riƙa raka ruwan da hannu. Wuƙaƙen Laguiole na Faransa na tsohon yayi haka aka san su, masu su ba sa barin su faɗa, shi ya sa masu ƙera na zamani da yawa suke ƙara matokari a ciki. In washi bai isa ba, yanka ɗan guntun fata ko toshiyar kwalba, faɗin rami, ka tura shi ƙasa daidai inda dunduniya ke sauka, ba inda kaifi ke bugu ba. Yana ɗaga ruwan kaɗan kuma yana shanye bugun. Masu gyara suna iya tsawaita dunduniya ta hanyar bugun gefenta da fanci, amma wannan sai gindin yana da taushi, kuma yana barin tabo.

Batun zaman ruwa a tsakiya shi ne inda nake ganin an fi zafafawa. Dalilan karkata suna da yawa: ruwan ya ɗan lanƙwashe lokacin da aka tsoma shi don tauri, ko an fi cin gefe ɗaya wajen fiƙe shi, ko hudar ƙusa ba ta miƙe ba, ko shafi ya tanƙware. Kafin ka yanke hukunci, buɗe wuƙar ka hango ta daga ƙarshen ƙota zuwa tsini ta baya. In ruwan ya miƙe da ƙota a buɗe amma ya karkata a rufe, matsalar a gaɓa take, kuma sau da yawa matse girgiɗi kaɗai yana dawo da shi. In a buɗe ma a karkace yake, ƙarfen ne.

A wuƙa mai ruwa da yawa kuwa karkatar da gangan ce. Irin wadda ake kira Stockman tana da ruwa uku a kan sifirin biyu: babban yana da nasa, ƙananan biyu suna raba ɗaya, suna fuskantar juna daga baki biyu. Ba yadda za su kwanta a rami ɗaya sai an lanƙwasa kowanne daga gindi, wannan ya kauce hagu, wancan dama, a kuma fiƙe gefen bayansu don su wuce juna. Wanda bai sani ba yakan ga ƙaramin ruwan a karkace ya ce zai miƙar da shi, daga nan wuƙar ta daina rufuwa. Zanen da ake gani a gefen ruwan Stockman ma sau da yawa ba daga zamansu ba ne, daga buɗewa ne: farce yana tura ruwan gefe ya gogi maƙwabcinsa. Ja shi sama tsaye maimakon turawa, zanen zai tsaya inda yake.

In lallai sai an lanƙwasa, a gindi ake yi, ba a tsakiyar ruwa ba. Kamfanonin gargajiya sukan sassauta taurin gindi da zafi don wannan aikin, shi ya sa a wasu wuƙaƙe masu kabon kake ganin gindin ya sauya launi. Gwada da magagari a gefen dunduniya: in ya ci, da taushi, in ya zame yana ƙara kamar a kan gilashi, ka haƙura. Ruwan da ya yi tauri har gindi, musamman na ƙarfen da ba ya tsatsa, ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi, kuma ba ya gargaɗi. Hanyar da ta fi guduma aminci ita ce sanduna uku na tagulla a cikin bais, biyu a gefe ɗaya, ɗaya a ɗaya gefen a tsakaninsu, gindin ruwan a buɗe yana tsakiya. Ana matsawa kaɗan, a saki, a rufe wuƙar a duba. Ƙarfen yana komawa baya in an saki, don haka sai an ɗan wuce inda ake so, kuma tazarar da ke tsakanin ɗan wucewa da karyewa ba ta da faɗi. Sa tabarau. In ruwan bai taɓa shafi ba, ni ban ga dalilin shiga wannan kasadar ba.

Gamawar waje ba ta da haɗari irin wannan. Bakin shafi mai kaifi da ke cizon hannu, samfefa 600 a kan katako, shafa kaɗan a karkace. Ƙusar murfi da ta leƙo, a rufe kewayenta da tef a rage ta da ƙaramin magagari. Tambarin ƙarfen da ke kan murfi, a wuƙaƙen zamani da yawa gam ne kawai ya riƙe shi, in ya faɗo a kankare tsohon gam a mayar da digon gam mai haɗi biyu. Abin da ba a yi shi ne bugun ƙusar tsakiya don rufe giɓin haske. Ƙusar ta ratsa murfi, in na ƙashi ne zai tsage daga bakin huda, kuma ko bai tsage ba ka matse sifirin tsakanin shafi biyu, wuƙa ta yi kasala. Tsagar da ta riga ta faru a ƙashi ana tsayar da ita da siririn gam mai ruwa-ruwa, a bar shi ya bi tsagar, a goge bayan ya bushe.

Yanayi ma yana gyara wuƙa yana ɓata ta ba tare da ka taɓa ta ba. An haɗa ta a wuri mai laima, ta zo ƙasar da hunturu ke tsotse ruwan komai. Katako da ƙaho suna ƙanƙancewa, sai ka ji bakin shafi ya fito, ƙusoshi sun leƙo, ƙaho ma har ya ɗaga daga gefe. Kada ka rage komai a watan Janairu, jira damina ka gani, da yawa suna komawa. Shafa musu man farafin sau ɗaya a wata lokacin sanyi yana rage abin. Opinel, wadda ake yi a yankin Savoie na Faransa tun 1890, ita ta fi nuna wannan, domin ba ta da sifirin ko shafi, katakon ne da kansa yake riƙe ruwan. Da damina ta kumbura har farce ya kasa, da rani ta saki har ruwan ya faɗo da kansa. In ta kumbura, kama ta ta wajen zoben ƙarfen da ke bakin ƙota ka buga ƙarshen ƙotar a kan tebur, tsini zai leƙo ka kama. Gyara mai ɗorewa shi ne a cire zoben makullin da aka ƙara mata a 1955, a busar da ita sosai, a bi cikin tsagar da samfefa a ninke sau kaɗan, sannan a shayar da katakon gaɓar da man farafin ko narkakken kakin zuma. In ka daddaka ƙusarta da rani saboda ta yi sako-sako, da damina sai ka nemi filaya.

Wanda yake son koyon bugun ƙusa da rage dunduniya, kada ya fara da wuƙa mai murfin ƙashi. Okapi, wadda aka fara yi a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988, ƙusarta a fili take, ƙarfenta ba shi da tauri sosai, kuma takan zo da kaifin da bai kammala ba, don haka akwai aikin yi. Douk-Douk ta kamfanin Cognet da ke Thiers ta Faransa, tun 1929, ƙotarta fallen ƙarfe ne guda aka ninke, ba abin da zai tsage. Bugu biyu a kan ƙusa ya matse ta, in ta matse da yawa ka cusa bakin sukundireba a tsaga ka ɗan murɗa ta saki. A kan irin waɗannan ne hannu ke koyon nauyin bugun da ya isa.

Tsofaffin wuƙaƙe masu murfi mai launi kala-kala kamar alewa suna buƙatar wani duba na dabam. Da yawansu seluloyid ne, wata irin roba ta zamanin da, kuma in ya fara ruɓewa yana fitar da iska mai asid da ke cin ƙarfe. Alamar ita ce tsatsa a ɓangaren ruwan da ke waje da ƙota in an rufe, layi miƙaƙƙe daidai bakin shafi, kafaɗa ta dushe, tagulla ta yi kore, murfin ya ja baya daga kafaɗa ko ya yi tsatstsage. Ba mai ko gogin da ke tsayar da shi. A ware ta daga sauran wuƙaƙe nan take, kada a rufe ta a akwati ko leda, kuma in ana son ceton ruwan sai a ɓamɓare murfin a sa na katako ko ƙashi. Wajen cirewa a yi da hannu, a nisanta shi da wuta da injin gogi, domin seluloyid yana kamawa da wuta nan da nan.